Mun shigo ofis tare amma shi ake ba manyan fayil, ni sai karɓo rana

Tambayar da wani ƙanena lauya ya turo min ke nan, na taƙaita ta. Shekararsa biyu da zama lauya, yana aiki a wani babban ofis a Abuja, su huɗu aka ɗauka lokaci guda bayan bautar ƙasa. Yanzu ɗaya daga cikinsu shi ke rubuta birif (rubutacciyar hujjar da lauya ke miƙa wa kotu), shi oga ke ɗauka zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, shi ake kira in kilayan (mai shari'ar da ya ɗauki ofis aiki) ya zo, shi kuwa mai tambaya aikinsa bai wuce a tura shi kotu ya karɓo ranar da aka ɗage shari'a ba, ko ya wuni a rajistiri, ko ya zauna yana kallon kwamfuta har a tashi. Yake cewa wannan ƙabilanci ne ko sanayya? Ya je ya sami oga ya amayar masa da abin da ke ransa, ko ya tattara ya koma Kano?

Toh ƙanena, da farko dai gara da abin ya dame ka. Na ga yara da yawa suna murna wai su ba a takura musu, ƙarfe biyar sun saɓi jaka, abokinsu yana nan har goman dare suna tausaya masa, ba su san su ne abin tausayin ba. A sana'ar nan ba a cika kiran mutum a ce masa aikinka bai yi ba, mu lauyoyi akwai baki a kotu amma a ofis nauyin faɗar gaskiya gare mu, sai dai kawai a daina kawo maka fayil, a riƙa gaisawa da kai da fara'a, shekara ta zagayo a ƙara wa wasu albashi kai a ce maka ana dubawa. Shirun da ka ji a teburinka saƙo ne, kuma ka gane shi tun kana shekara biyu, wasu sai sun yi biyar.

Inda na rabu da kai shi ne wajen dalili. Kai kana kallon abin ta fuskar adalci, mu huɗu ne a raba huɗu. Wanda ke rabon ba haka yake lissafi ba, shi fargaba ce ke raba masa aiki. Bari in shigar da kai cikin kansa kaɗan. An kawo rikodin ɗaukaka ƙara, kundi uku ko huɗu kowanne sai da hannu biyu, dokokin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 2021 sun ba mai ɗaukaka ƙara kwana 45 ya shigar da birif, wanda ake ƙara kwana 30, martani kwana 14, kuma birif kar ya wuce shafi 35. Oga yana da irin wannan da yawa a lokaci ɗaya, ga Babbar Kotun Tarayya gobe da safe, ga jirgin Legas jibi, ga wani tsohon gwamna yana kiransa a waya sau goma. Sunansa ne a ƙasan takarda, hatiminsa na ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa (NBA) ne manne a jiki, in aka ambaci shafi 412 na rikodi aka buɗe ba a ga maganar ba, ko aka kafa hujja da hukuncin da ashe Kotun Ƙoli ta riga ta sauka daga kansa, shi alƙalai uku za su kalla ta saman tabarau a gaban jama'a, kai kana bayansa ba wanda ya san da kai. Mutumin da ke cikin wannan halin in ya ɗaga kai yana neman wanda zai miƙa wa aiki tambaya ɗaya ce a ransa, wa zan ba in samu in yi barci. Kamar mai kai ɗinki ne ana saura sati sallah, ba ya zagaya teloli don kowa ya samu, wanda bai taɓa ba shi kunya ba shi yake kai wa ko da layi ya yi masa yawa.

Abokin nan naka ba lallai ya fi ka ƙwaƙwalwa ba. Abin da na fi zato shi ne a watannin farko an jefa masa wani ɗan ƙaramin aiki, a nemo hukunci uku a kan wata magana ko a gyara moshan (takardar roƙon kotu), ya dawo da shi kafin lokaci kuma wanda ya ba shi bai sha wahalar gyara ba. Shikenan, na biyu ya zo, na uku ya zo, yanzu ya san yadda oga ke son a jera hujja, ya san tarihin fayil ɗin, ba sai an zaunar da shi an yi masa bayani ba, kai kuwa duk ranar da za a ba ka sai an ɓata awa guda ana gaya maka daga farko, awar da babu wanda yake da ita. Tazarar da ta fara da tsinke ɗaya a haka take zama abin da kake gani yau. Sakamakon makarantar lauyoyi kuwa, ko Bwari ka yi ko Bagauda ko Yola, ƙofa kawai yake buɗe maka, bayan wata shida ba mai sake tambayarsa.

Ƙabilanci da sanayya fa? Akwai su, ba zan rufe ka ba. Akwai yaron da aka ɗauka don babansa ne ya kawo wa ofis aikin wata hukuma, wannan ba ka gasa da shi, kar ma ka ɓata ranka, kuɗin da ke biyan albashinka wataƙila ta hannun gidansu ya shigo. Akwai kuma ogan da in ya gaji yarensu yake juyawa, wanda ke jin yaren ya fi kusa da kunnensa, wannan ɗabi'ar ɗan Adam ce, mu ma a ofisoshin Kano da Kaduna haka yaran kudu ke ji da mu in mun ɓarke da Hausa an bar su suna kallo. Amma kafin ka yanke cewa shi ke damunka duba abu biyu. Cikin manyan da ke sama da ku, waɗanda ake ji da su, duk 'yan gari ɗaya ne ko a gauraye suke? Sannan ɗan aikin da ka taɓa miƙawa, ya dawo maka da jan biro ko shiru ka ji? In ya dawo da jan biro har da faɗa, ka gode wa Allah, mutum ba ya ɓata tawadarsa a kan wanda ya fitar da rai da shi. In kuwa shiru ka ji, daga baya ka ga takardar ta fita da wani rubutu daban, wani aka sa ya sake yi a ɓoye, nan matsalar take, kuma ba ta da alaƙa da garinku.

Maganar zuwa wajen oga, a'a, ba yanzu ba, kuma ba da wannan sigar ba. In ka shiga ka ce ranka ya daɗe ba a ba ni aiki, abin da zai ji shi ne ga wani sabon aiki an kawo min, in nemo wa yaro abin yi in kuma lallashe shi. Sannan ka kai ƙarar waɗanda ke tsakaninku ba tare da ka sani ba, alhali su ne masu rabon na gaskiya. Wannan shi ne abin da yara ba sa ganewa, kowa idonsa na kan SAN, wato babban lauya mai lambar girma, kowa so yake ya riƙe masa jaka. SAN ba ya tuna sunan kowa. Abin da yake yi shi ne ya kira shugaban cemba (ofishin lauyoyi) ko wata siniya mai shekara takwas ko goma ya ce ku yi min wannan zuwa Alhamis, ita kuma ta fito ta zaɓi wanda zai taya ta. Ita ce ke cikin wuta, ita ce ba ta ganin 'ya'yanta sai sun yi barci, ita ce za ta ce wa oga wata rana "yaron nan yana da kyau, a tafi da shi". Don haka ita za ka nema, kuma ba da "akwai abin da zan taya ki?" ba, don amsar wannan kullum ita ce babu komai na gode. Ka duba dayarin ofis ka ga me ke gabanta, ka je ka ce Anti na ga birif ɗin shari'a kaza saura kwana tara, in kin yarda in bi rikodin in fitar miki da shaidar kowane mai shaida da lambar shafi, gobe da azahar ki same shi. Ƙin amincewa da wannan sai wanda ba shi da hankali, aiki ne mai cin rai da kowa ke gudu, kuma ba ta da abin da za ta rasa. In ka kawo shi da azahar ɗin, lambobin shafi duk daidai, ka kuma sa alama a inda shaida na uku ya saɓa wa kansa tsakanin shafi kaza da shafi kaza, wallahi ka shiga, ba sai ka sake roƙo ba.

Kuma ka girmama kilak ɗin shari'a da sakatariya. Kilak ɗin da ya shekara ashirin yana zirga-zirga tsakanin ofis da rajistiri ya fi ka sanin yadda takarda ke tafiya, ya san wane magatakarda ke zuwa da wuri, ya san wace kotu ba za ta zauna ba tun kafin a liƙa sanarwa, kuma oga yana tambayarsa ra'ayinsa a kan yara cikin mota fiye da yadda kake zato.

Yanzu karɓo ranar da kake rainawa. Gaskiya ne abin da ciwo, ka sa wig da gawn tun tara, a fara da shari'o'in SAN, a bi da manya bisa shekarun kira, wato shekarunsu da zama lauya, kai sai wajen ɗaya a kira taka ka miƙe minti biyu a ɗage. Amma yawancin yara in sun dawo cewa suke "an ɗage zuwa sha huɗu ga wata" shikenan. Kai tun kana harabar kotu ka tura saƙo, da Turanci za ka rubuta amma ga abin da zai ƙunsa: an kira shari'ar sha biyu saura, lauyan wanda ake ƙara na biyu bai zo ba ya aiko wasiƙa, an ɗage zuwa 14 ga wata don jin moshan ɗinmu, kotu ta ce a sake kai musu sanarwar zama, na biya a rajistiri na haɗa da ɗan sammaci, Alhamis zan karɓo shaidar isarwa, na kuma leƙa fayil ɗin kotu na ga takardar rantsuwar martaninsu ta shigo bayan lokaci kuma ba su nemi ƙarin lokaci ba, sannan ranar 14 ɗin muna da wata shari'ar a wata kotun, na gaya wa mai dayari. Wanda ya karanta wannan ya san ya tura lauya ne. Ka yi haka sau biyar a jere, ranar da moshan mai sauƙi ya taso kuma manya duk sun watse wasu kotunan, kai za a ce ka motsa shi, daga nan sai shaida ƙarami, daga nan sai ka ga fayil ya zama naka ba tare da an yi bikin miƙa maka ba. Zaman jiran ma ba asara ba ne, nan ne za ka ga yadda tsofaffin hannu ke yi wa shaida tambayar ƙure, wanda ba a koyar da shi a Bwari.

Akwai kuma lissafin da ya kamata ka fara tun yau, wanda abokinka mai rubuta birif wataƙila bai fara ba. Ba duk aiki ke zama naka ba. Tun shari'ar Okafor da Nweke a 2007 Kotun Ƙoli ta ce takardar kotu sai lauya mai suna a rajista ya sa mata hannu, sunan ofis ba ya sa hannu, to wanda ya sa hannun shi tarihi ya sani, kai da ka kwana kana rubutawa in sunanka bai fito a jerin lauyoyi ba babu kai. Ranar da za ka nemi SAN, bayan aƙalla shekara goma da kira, abin da kwamitin zai nema hukunce-hukunce ne da sunanka ke ciki, 20 na babbar kotu, 5 na Kotun Ɗaukaka Ƙara, 4 na Kotun Ƙoli, kuma cikin na babbar kotun sai ka nuna da yawansu kai ka gudanar da su da kanka. Alƙalancin babbar kotu ma shekara goma ne, kuma su ma za su so ganin abin da ka yi a kotu. Don haka duk ranar da ka bi wani kotu ka tabbata an ambaci sunanka an rubuta, ka buɗe littafi kana rubuta lambar shari'a da kotu da rana da abin da ka yi. Doka ma ta taimake ka ta nan, SAN ba ya tsayawa a shari'ar farar hula a babbar kotu shi kaɗai sai da ƙaramin lauya ko wani SAN ɗin, kujerar nan ta bayansa dole wani ya zauna a kai.

Sai abin da kake da shi wanda sauran ukun ba su da shi, kuma na lura ko ambatonsa ba ka yi ba. Kai Bahaushe ne a ofishin Abuja. Lokacin ƙarar zaɓe in ya zo, sashe na 285 na tsarin mulki kwana 21 kacal ya bayar a shigar da ƙorafi daga ranar da aka sanar da sakamako, tirabunal kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60, kuma waɗannan ranakun ba a ƙara su ko da minti ɗaya, shari'ar kafin zaɓe ma kwana 14 ne. A cikin kwana 21 ɗin nan za a tara fom EC8A, takardar sakamakon zaɓe, na rumfuna ɗaruruwa a baje a ɗakin otal, a ɗauki bayanin wakilan jam'iyya da suka zo daga ƙauyukan Jigawa ko Zamfara ko Bauchi waɗanda ba sa jin ko "come". Wa zai zauna da su? Na ga yadda shaida ke zubewa a kan wannan: mutum ya shiga akwati, lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe a hankali ya ce Malam da wane harshe ka ba da bayaninka, ya ce da Hausa, ya ce to wannan na hannunka da wane harshe yake, Turanci, ina na Hausar, babu, wa ya fassara maka, wani yaro ne, ina sunansa da sa hannunsa a takardar, babu. Shikenan an gama da shi, da shi da wasu talatin irinsa. Lauyan da ya iya ɗaukar bayani da Hausa mai kyau, ya fassara, ya sa bayanin tafinta yadda doka ke so, a wannan watan ya fi mai digiri na biyu daga Landan amfani. Zaɓen 2027 na tafe, tun daga rigingimun fidda gwani aikin zai fara, ka karanta dokokin tun yanzu ka bari a san ka karanta. Haka in ABU ko BUK ka yi kuma ka haɗa da shari'ar Musulunci, ranar da rigimar gadon wani attajiri ta iso ofis, da gidaje a Maitama da kamfanoni da mata huɗu, ana neman wanda zai buɗe littattafan fiƙihu irin su Tuhfa ko Mukhtasar ya kuma fahimci dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, duk ofis ɗin kai kaɗai ne. Gasa a inda ku huɗu kuke iya abu ɗaya wahala ce, nemi inda kai ɗaya ne.

Ɓangaren ƙazantar gasar kuma, tunda ka tambayi zaman ofis. Za ka haɗu da mai kwashe aikinka ya kai wa oga a matsayin nasa, da mai ɓoye fayil a durowarsa don kar wani ya san abin da ke ciki, da mai ce maka "oga ya ce ba sauri" alhali gobe ake so, da mai zama har tara na dare ba don aiki ba sai don motar oga na waje. Maganin na farkon ba rigima ba ce, rubutu ne. Duk abin da ka yi ka tura ta imel da kwanan wata ko da ka miƙa takarda hannu da hannu, duk umarnin da aka ba ka da baki ka mayar da shi rubutu, "kamar yadda kika ce, zan kawo kaza ranar kaza". Ba sai ka saka oga a kowane imel ba, wannan ma tsokana ce kuma ana ganewa. Siniya ta ɗauki rubutunka ta gyara ta kai da sunanta, wannan ba sata ba ce, haka tsarin yake, ita ma haka aka yi mata. Sa'anka ya yi maka haka, ka same shi ku biyu ka gaya masa sau ɗaya cikin sanyin murya, yawanci ba ya sakewa. Gulma kuwa ka guje ta kamar me, musamman gurup ɗin WhatsApp na ƙananan lauyoyi inda ake zagin manya, ban taɓa ganin irinsa da ba a ɗauki hotonsa an kai sama ba. Shi kuma abokin naka kar ka mai da shi abokin gaba. Yana nutsewa ne a aiki, ka ce ya yanko maka, yau shi ke da fayil, shekara goma nan gaba wataƙila shi ne lauyan wani banki mai rabon shari'o'i, ko kai ne, sana'ar ƙarama ce ƙwarai.

In ofis ɗinku irin na harkar kamfanoni ne masu cika takardar awanni, abin ya fi tsanani don zaman banzanka a rubuce yake. Daga Amurka aka kwaso wannan, can ana lissafa lokacin lauya da minti shida-shida, manyan ofisoshi da yawa suna sa ran wajen awa 2,000 a shekara da za a caji kilayan, ka lissafa, awa 40 kowane sati har sati 50, ban da mitin ɗin cikin gida da sauran abin da ba a caji. Tsarin da ofishin Cravath na Niyok ya shahara da shi tun farkon ƙarni na 20 shi ne ko ka hau ko ka fita, bayan wasu shekaru in ba a ba ka fatna ba, wato ka shiga cikin masu ofis, ka nemi wani wuri. Wasu ofisoshin suna da mutum guda mai raba aiki, wasu sun bar shi kasuwa, kowa ya nemo da kansa. Kuma in kasuwa ta faɗi ba a jin kunya, a Fabrairun 2009 Latham & Watkins ya sallami lauyoyi 190 a tashi ɗaya. Mu nan ba mu kai can ba wajen albashi ko kusa, amma takardar awannin mun ɗauko ta, to in kuna cikawa ka cika kullum kafin ka tashi, kar ka ƙara ko minti, ƙaryar awa ita ce abin da ba a yafewa.

Wani abu da yaranmu na Arewa ke kuka da shi a ɓoye: ana tashi a tafi wani lambu a zauna da kwalabe, a can ake sabo, a can wani lokacin ake cewa "kai zo ka taya ni wannan gobe". Kai ba ka zuwa, kuma ban ce ka je ba. Amma kar ka zama wanda ba a gani sai a tebur da masallaci. Abincin rana tare, taron reshen NBA, zauren matasan lauyoyi tunda kana ƙasa da shekara bakwai, ƙwallon ranar Asabar, bikin abokin aiki ko rasuwa, naman sallah ka kawo ofis a ci. Juma'a kuma ka faɗa tun safe cewa daga ɗaya zuwa biyu da rabi ba ka nan, aikinka ya riga ya fita kafin ka tafi, ba wanda zai ce uffan. Abin da ke ɓata mana suna shi ne a neme ka a rasa kuma waya a kashe. Ga 'yan'uwa mata masu karanta wannan, na san naku ya ninka, zaman dare da tafiyar kwana ba kowace ke iyawa ba, kuma wasu manyan suna yanke muku hukunci ba tare da sun tambaye ku ba, su ce ai matar aure ce kar a sa ta. Ki faɗi abin da za ki iya da bakinki tun kafin a yanke miki.

PP kuma, wato aikin kanka da kake yi a gefe, ka yi hattara. Na san albashi ba ya kai wata, na san ɗan rajistar kamfani a hukumar CAC da yarjejeniyar haya su ke cike giɓi, ofisoshi da yawa suna kau da kai. Amma wanda ba shi da aiki a ofis kuma aka gan shi a kotun majistare da fayil ɗin kansa ranar Talata da safe, ya ba su dalilin da suke nema.

Komawa Kano ba faɗuwa ba ce, kuma ba lallai mafita ba ce. A ƙaramin cemba mai lauya huɗu ko biyar za a jefa ka kotu tun satin farko, cikin shekara biyu ka yi wa shaidu tambayoyi fiye da abin da abokinka na Abuja zai yi a shekara shida, hukunce-hukunce da sunanka za su taru da wuri, kuɗin ne dai sai haƙuri, kuma manyan ayyukan kamfanoni da na bankuna ba za ka riƙa ganinsu sosai ba. In burinka kotu ne, SAN ko alƙalanci, wannan hanyar ba ta da laifi ko kaɗan, manyan lauyoyi nawa ne suka tashi daga Kano da Kaduna har suka shugabanci NBA, J.B. Daudu a 2010, A.B. Mahmoud a 2016. In kuwa harkar kamfanoni kake so, sunan babban ofis a takardarka yana da daraja, ka daure ka cika shekara uku. Ni dai shawarata ka ba kanka wata shida kana yin abin da na lissafa, ka fara da siniya guda ɗaya, hutun kotuna na ƙarshen Yuli zuwa Satumba lokaci ne mai kyau don manya suna da sararin duba aikin yaro. In wata shidan ya cika ba abin da ya motsa, a lokacin ne za ka nemi ganin oga, ka shiga da littafinka na abin da ka yi, ka tambaye shi me ya rage maka kafin a ba ka fayil naka. Amsar da zai ba ka, ko rashin amsar, ta ishe ka yanke shawara. In tafiyar ce, ka ba da notis yadda takardar ɗaukarka ta ce, ka rubuta bayanin inda kowane fayil ya tsaya, kar ka ɗauki kilayan ko takardar ofis ko guda, ka nemi kwafin hukunce-hukuncen da sunanka ya fito a ciki tun kana da kilak ɗin da zai karɓo maka su a rajistiri, sannan ka shiga ka yi wa kowa sallama har mai gadi.